Abin da Ya Hana Inna Dije Cire Takalmi

A waya na ga rasuwar Inna Dije. Ba kira ba, ba aike ba. Ina zaune da hantsi a shagon da nake koyon ɗinki a Kazaure, na ajiye almakashi na ce bari in ɗan leƙa guruf ɗin dangi, sai ga hotonta. Tsohon hoton nan na bikin yayata, wanda ta ɗaure fuska kamar mai hoton ya zage ta. An rubuta Innalillahi a ƙasa. Ni da kullum nake riga kowa ɗora labari, ranar an riga ni. Wallahi na daɗe ina buɗa hoton da yatsu ina matsewa, wai ko idan na duba da kyau zan ga wata ce daban. Uwar ɗakina ce ta zare wayar daga hannuna ta ce, “Ummi, tashi ki tafi Roni, kar a fita da ita ba ki nan.” Ita ta tare min ɗan acaɓa. Tun daga duwatsun Kazaure har ƙofar gidan Inna ban san hanyar da muka bi ba.

Ku yi haƙuri da rubutuna, ni ba ’yar boko ba ce sosai, a aji huɗu na sakandare na tsaya. Yadda nake magana haka zan rubuta. Kuma yau ba hoton ɗinki na kawo muku ba, ba abin dariya ba. Amana ce aka ba ni, na sauke rabinta, wannan shi ne ragowar.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Inna Dije yayar kakata ce, wato yayar mahaifiyar Babanmu. Kakar tamu ta gaske, Rakiya, ta rasu Baba yana goye, ko fuskarta bai sani ba. Sunanta aka sa min, shi ya sa ake ce min Ummi. Inna Dije ce ta raini Baba. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta yi masa karatu har ya zama malamin makaranta. Ita ba ta taɓa haihuwa ba. Ta yi aure sau ɗaya a Gwiwa, bai kai shekara biyu ba ta dawo, maganganun mutane suka kashe shi.

Kuma maganar mutanen guda ɗaya ce, duk ɗan Roni da ya manyanta ya san ta. Wai lokacin yaƙin basasa Dije ta ja ƙanwarta, matar aure mai jego, suka bi soja zuwa bariki. Ta dawo ita kaɗai ta ce zazzaɓi ya kashe Rakiya. Tun daga nan ake ce mata ’yar bariki. Ba a gabanta ba, don ba wanda ya isa, amma ana faɗa. Ranar jana’izar ma, ina zaune a tsakar gida ina kuka, na ji wata tsohuwa a bayana tana ce wa ta kusa da ita, “To, Allah ya yafe mata zaman da ta yi.” Ɗayar ta ce, “Amin. Mace har ta mutu ba ta cire wa namiji takalmi ba.”

To wannan ta biyun gaskiya ce. Inna ba ta cire wa mutum takalmi. Kun san dai yadda muke yi a nan, idan mace za ta gifta majalisar dattawa sai ta zare takalmi ta riƙe a hannu, ta rusuna, sai ta wuce su sannan ta mayar. Yanzu ’yan mata mun fara sakaci, amma a zamaninsu wannan ba abin tattaunawa ba ne. Inna za ta durƙusa har ƙasa, ta gaishe su da kyau, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, amma takalminta yana ƙafarta. Ko gaban mai unguwa ne. Tabarmar sallah kawai take cire wa, sai ƙofar ɗaki. An yi mata faɗa, an aika mata malamai, ta ce ta ji ta gode, gobe ta sake.

Ina da shekara wajen tara na je mata hutu. Muka fito za mu kai ƙuli kasuwa, muka zo daidai dattawan nan da ke zama gindin dalbejiya kusa da masallaci. Ni kuwa yarinyar kirki, yadda Ummata ta koya min, na zare silifas ɗina na ɗauka. Ban taɓa jin ƙara irin wadda Inna ta yi ba. “Mayar! Mayar da shi! Rakiya, mayar!” Tiren ƙulin ya kife. Ta durƙusa a tsakiyar hanya ta kama ƙafata tana cusa min takalmin da hannunta, har ta sa min na hagu a dama. Ni na fashe da kuka, don ban san laifina ba, kuma ban taɓa jin ta kira ni da sunan nan ba sai ranar.

Labari ya riga ni zuwa Kazaure. Baba ya zo da kansa ya ɗauke ni a babur, kuma na ji abin da ya faɗa mata daga bakin ƙofa, bai ɗaga murya ba: “Inna, kin lalata min uwa, ba za ki lalata min ’ya ba.” Shekara biyar ban sake kwana a Roni ba.

Kar ku ɗauka Baba mugun ɗa ne. Duk wata sai ya kai mata gero da shinkafa da sabulu, bai taɓa fashi ba. Idan ba ta da lafiya shi ke kai ta asibiti. Amma tun yana firamare yara ke ce masa ɗan ’yar bariki, abin ya zauna masa a ƙirji kamar dutse. Idan ya je, a bakin ƙofar ɗakinta yake tsayawa da takalminsa. “Inna, ina kwana? An tashi lafiya? Ga wannan.” Ta ce, “Sallau, shigo mana ka sha ruwa.” Ya ce, “A’a, sauri nake.” Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa ganin ƙafarsa a cikin ɗakin nan ba.

Da na girma na samu ’yancin ƙafata, sai na koma mata. Kusan duk Juma’a ina Roni. Ita take ce min Uwar Waya. “Uwar Waya, yau me mutanen cikin akwatinki suka ci?” In ce, “Inna, wata ta ɗora farfesun kaza.” Ta ce, “To ki lasa gilashin mana, ko kya ƙoshi.” Idan na ce ta tsaya in ɗauke ta hoto sai ta ja mayafi ta ce fuskarta ba kayan talla ba ce.

Tana da wasu halaye da na ɗauka rigimar tsufa ce. Ba ta zama ta ba ƙofa baya, ko a gidan biki. Tana cewa, “Ki fara ganin ta inda za ki fita kafin ki nemi wurin zama.” Muna zaune a zaure muna ɓarar gyaɗa, ba ta ɗaga kai ba, sai ta ce, “Babur sha ɗaya suka wuce tun zuwanki, biyu babu fasinja.” In ce, “Inna, wa ya sa ki?” Ta ce, “Idon ne ya ƙi yin ritaya.” Idan wani ya maimaita mata tambaya sai ta ce min daga baya, “Wanda ya tambaye ki abu sau biyu ba amsa yake nema ba, fuskarki yake kallo.” Ga gishiri. Idan ƙwaya ɗaya ta zube sai ta dangwale da yatsa ta mayar. Kuma duk Juma’a gishiri take sadaka da shi, ƙulli-ƙulli a leda, ba ƙosai ba, ba waina ba. Na taɓa yi mata tsiya na ce ita kaɗai ce mai sadakar da ba a iya ci. Ta ce, “Na ga inda uwa ta cire zoben aurenta saboda cokali ɗaya, ke dai rufe min baki.”

Wata rana na raka ta kasuwar Kazaure sayen maganin ƙafa. A shagon wata mata Ibo, jikarta ta faɗi ta fasa leɓe tana ta tsala ihu. Kafin matar ta zagayo daga bayan teburin shagon, Inna ta ɗauke yarinyar ta rungume tana yi mata magana. Da yarensu. Ba irin kame-kamen da muke yi na wasa ba, magana tiryan-tiryan kamar ruwa. Yarinyar ta yi shiru. Matar ta saki baki, ni na saki baki. Ta riƙe hannun Inna tana tambayarta ’yar wane gari ce, Inna ta koma Hausa ta ce, “Nawa ne maganin?” A hanya na dame ta, ta ce, “Kunnenki ne, caji ya yi masa yawa.”

Bara, bayan girbin gyaɗa, ciwon ƙafar ya kwantar da ita. Ran nan bayan azahar ina matsa mata ƙafa da man zafi ina kallon waya da ɗaya hannun, sai ta ce, “Wannan abin naki, yana riƙe magana?” Na ce yana riƙewa. Ta ce, “Har bayan mai maganar ya mutu?” Na ce, “Kai Inna, wace irin magana ce wannan?” Ta ce, “Kunna. Kuma ki ajiye shi ƙasa ki kalle ni, yau ɗaya dai.”

Abin da zan faɗa yanzu daga bakinta ne. Na saurare shi ya fi a ƙirga.

Mahaifinsu falke ne, shanu yake kaiwa Gabas, can ya zauna da iyalinsa a unguwar Hausawa. Can aka haife su su biyu. Da ’ya’yan Ibo suka yi wasan ƙasa, yaren ya zauna a bakinsu kamar nasu. Uwarsu ta rasu Rakiya tana ƙarama, Inna ce ta raine ta. Da ƙasa ta rikice suka gudo gida Roni. Rakiya tana auren wani soja ɗan Babura, aka tura shi fagen daga tana da ciki, ta haifi Baba, sai labari ya zo wai ba a gan shi ba, ba a cikin masu rai ba, ba a cikin gawa ba. Ana haka aka zo cigiyar mata masu jin yaren Ibo sosai, wai za su yi tafinta. Rakiya ta ce za ta je, ko Allah zai sa ta ji inda mijinta yake. Inna ta yi faɗa, ta yi lallashi, Rakiya ta ƙi. Sai Inna ta ce to ba za ki tafi ke kaɗai ba. Suka bar jaririn wurin gwaggonsu.

Da suka isa sai suka tarar ba tafinta ba ne. Leƙen asiri ne. A lokacin yunwa ta yi tsanani a ɗaya ɓangaren, mata suna ratsa daji da rafi su tsallako su sayi gishiri da busasshen kifi su koma. To cikin waɗannan matan ake so su saje. Su ɗauki kaya a ka su shiga, su ga inda aka girke manyan bindigogi, motoci nawa ne, gada tana nan ko an karya, su dawo su faɗa. Ba takarda, ba alƙalami. Ƙulli suke yi a bakin zani, kowace mota ƙulli ɗaya. Wani hafsa ya sa suka dafa Alƙur’ani cewa ba za su faɗa wa kowa ba.

Ta ce sati uku ana gyara su. Aka jira lallen ƙafarsu ya goge. Aka hana su kwalli. Aka tsefe kitso aka ɗaure gashin da zare irin na can. Aka koya musu ɗaurin zani, aka ba su sunayen Kirista, aka ce idan sun yi tuntuɓe kar salati ya fito, idan sun yi atishawa su haɗiye hamdala. Sallah a zuci, suna tafe suna yi da ido. Ta ce, “Komai an tuna, Ummi. Har yadda ake tsugunno an tuna. Ba wanda ya tuna da takalmi.”

Sau huɗu suna shiga suna fitowa lafiya. Na ce, “Inna, ashe ke jaruma ce!” Wallahi har na fara tunanin yadda zan ɗora. Ta daka min tsawa ta ce kar in sake faɗa. Ta ce akwai wani wuri da ta ba da labarin an ɓoye motoci a bayan wata makaranta, bayan kwana biyu aka yi wa wurin ruwan wuta. Kuma akwai ’yar kasuwa a gefen. Da ta koma ta nemi matar da take saya wa ƙosan rogo, mai ’yan biyu, ba ta gan ta ba, ba ta ga rumfar ba. Ta ce, “Ban sani ba ko ta gudu. Kullum ina gaya wa kaina ta gudu.”

Shiga ta biyar, da rana tsaka, suka zo wani shinge. An gicciya gungume a hanya, samari da bindigogi, mata sun yi layi da kaya a ka. A gefe, gindin wata bishiya, dattawan garin ne zaune a benci, su huɗu ko biyar. Ɗaya mai furfura fat, dogo, ta ce kamar an tsaga kara da mahaifinsu. Ba sa tafiya a jere don kar a haɗa su, Rakiya tana gaba, mata uku a tsakaninsu. An duba kayan Rakiya, an yi mata tambayoyi, ta amsa daidai, an ce ta wuce. Ta riga ta wuce, Ummi, in ji Inna. Ta tsallake gungumen. Sai hanyar ta bi ta gaban dattawan.

“Ina kallonta. Ko tsayawa ba ta yi ba. Ta zare na dama, ta zare na hagu, ta ɗago su da yatsun ƙafa ta miƙa wa hannu, kayan na kanta ko motsi bai yi ba, ta ɗan rusuna. Kyakkyawan rusunawa, Ummi. Yadda na koya mata. Ni na koya mata. Da tsumagiya na koya mata tana ’yar shekara shida, na ce marainiya ce, ba za a ce ba ta da tarbiyya ba. Jikinta ne ya yi, ita ba ta ma san ta yi ba, sai da ta ga takalmin a hannunta.”

Mai furfurar nan ya miƙe. Ashe ya yi shekaru a Arewa, da rigar jikinsa kawai ya gudo. Ya nuna ta ya ce wannan ’yar Arewa ce, can kaɗai ya ga mata suna yin haka. Aka riƙe ta, aka kwance bakin zaninta aka ga ƙulle-ƙullen. Takalman suka faɗi a hanya. Sai babban masu bindigar ya bi layi yana tambayar mata ɗaya bayan ɗaya, wa ya san ta, da wa ta zo. Ya zo kan Inna. Ya tambaye ta, ta ce ba ta san ta ba, a hanya ta gan ta. Ya sake tambaya yana kallon fuskarta. Ta sake cewa ba ta san ta ba.

“Ita kuwa ba ta kalle ni ba. Ko sau ɗaya. Ta kafe idonta a kan bishiya don kar ido ya tona ni. Yarinyar da idan ƙaya ta soke ta sai ta kira Yaya. Suka ja ta cikin gonar rogo. Aka ce layi ya tafi. Takalmanta suna nan a tsakiyar hanya, ɗaya a kife. Ta gabana ta tsallake, ta gabanta ta tsallake. Na zo. Na tsallake su, Ummi. Da gishiri a kaina. Ban kai ƙarshen gonar ba na ji ƙarar, sau biyu.”

A rikodin ɗin, daga nan ba abin da ake ji sai kukan akuyar maƙwabta da nawa.

Na ce Allah ya isa tsakaninmu da tsohon nan. Ta ce, “Kul. Kin san nawa aka kashe masa kafin ya gudo? Ni ban sani ba, amma na ga idonsa.” Na ce to me ya sa ta bari ana ce mata ’yar bariki shekara sama da hamsin, alhali ko hannunta wani soja bai taɓa riƙewa ba? Ta ce da farko rantsuwa ce ta ɗaure ta. Daga baya, da ta tambayi wani malami a kaikaice ya ce yaƙi ya ƙare, ta yi kaffara ta huta, sai ta ga sunan da suka sa mata ya fi mata sauƙi a kan na gaskiyar. “Gara a ce na bi maza da a ce na ce ban san Rakiya ba.”

Sannan ta faɗi abin da take so. Ta ce sau da yawa tana shirya maganar, idan Sallau ya zo ya tsaya a ƙofa, ta ɗaga kai ta ga idon uwarsa a fuskarsa, sai bakinta ya mutu. “Idan na rasu, ki kunna masa. Ki ce Dije tana roƙo ya yafe mata, uwarsa da ta bari a gonar rogo, da ƙaryar zazzaɓi, da sunan da ya ɗauka saboda ni. Ina tsoron in haɗu da Rakiya ɗanta bai yafe min ba. Idan ya ji, to ki gaya wa wanda kika ga dama, har mutanen cikin akwatinki. Amma ina numfashi kar ki kuskura.” Ta sa na ce wallahi.

Ku da kuka san ni kun san ba na iya riƙe magana. Ko sabon takalmi na saya sai duniya ta gani kafin in sa. Amma wata bakwai ina yawo da wannan abu a waya. Na tura shi wuri uku don kar ya ɓata. Baba zai dawo daga Roni in ce, “Baba, ka shiga ka gaishe ta kuwa?” ya ce, “Na gaishe ta,” in shiga ɗaki in ciji filo.

Bayan rasuwar na gaya wa Ummata, na kunna mata kaɗan. Ta riƙe baki ta ce, “Ummi, ki rufa mana asiri ki goge. Mutumin nan yana da hawan jini. Kuma idan ya ji ya ce bai yafe ba fa? Kin ga kin ƙara mata nauyi a kabari.” Wannan maganar ta tsaya min. Kwana biyu ina juya ta. Yanzu ya san ta a matar da ta kai uwarsa bariki, amma duk da haka ya tsaya a kan gawarta ya yi mata addu’a. Idan ya san ta a wadda ta tsallake takalmin uwarsa fa? Har na buɗe wurin gogewa na ɗora yatsa. Sai na tuna yadda ta ce min in ajiye waya in kalle ta, yau ɗaya dai.

Ranar sadakar uku, bayan la’asar, mutane sun ragu, na same shi a zauren gidan Inna yana naɗe tabarmi. Na durƙusa na ce, “Baba, Inna ta bar maka saƙo.” Ya ce, “Wane irin saƙo? Ai kayan nata an ce sai bayan bakwai.” Na ce, “Ba kaya ba ne. Muryarta ce.” Ya kalli wayar kamar zai ce in tashi in ba shi wuri. Sai ya zauna a kan tabarmar da ya naɗe.

Da farko bai katse ba. Da aka zo wurin lalle da kwalli na ga ya cire hula ya riƙe. Da aka zo wurin shingen ya sunkuyar da kai. Da ta ce “na tsallake su” sai ya ɗaga hannu, na tsayar. Ya ce, “Mayar baya kaɗan. Wurin da ta ce ba ta kalle ta ba.” Na mayar. Ya sake ji. Ya ce, “Ashe mijinta ta je nema.” Na ce eh. Ya ce, “Ashe ba zazzaɓi ba ne.” Sannan ya bari ya ƙare, har wurin roƙon.

Na ce, “Baba, ta ce in tambaye ka. Ka yafe mata?”

Ya ce, “Tun yaushe wannan yake hannunki?” Na ce wata bakwai. Ya ce, “Wata bakwai. Sau bakwai ke nan na zo na tsaya a ƙofar can.” Na ce ita ta sa ni rantsuwa. Ya ce, “Na sani, Ummi, ba faɗa nake miki ba.” Ya ajiye hular a gefe. “Da ta ɗauki takalman nan, wa zai dawo ya goya ni? Me zan yafe? Ni da na tsaya a kanta da takalmi na ce ta lalata min uwa. Ni wa zai kai mata nawa saƙon?”

Har yau wannan tambayar ce take hana ni cin abinci.

Ya tashi ya shiga cikin gida, na bi shi. Mata suna wanke-wanke a tsakar gida, suka bi shi da kallo. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna, daidai inda yake tsayawa, har ƙasar wurin ta san ƙafarsa. Silifas ɗinta suna nan a bakin ƙofa inda ta cire su na ƙarshe, ba wanda ya taɓa. Ya sunkuya ya zare takalminsa, ya jera su kusa da nata. Ya ɗaga labule ya ce, “Salamu alaikum. Inna, na shigo.”

Ya zauna a kan tabarmarta ya fuskanci ƙofa. Daga waje na ji yana cewa, “Na yafe, na yafe, duniya da lahira. Ke ma ki yafe min.” Namiji mai jikoki, yana kuka kamar wanda aka yaye yau.

Shi ya ce in rubuta wannan. Ya ce in rubuta da sunanta, kuma in rubuta cewa uwarsa Rakiya matar aure ce ta mutu tana neman mijinta, kuma ladabi ne ya kashe ta. Masu cewa Allah ya yafe wa Inna zaman da ta yi, mun gode da addu’a, Allah ya karɓa, amma yanzu kun san zaman da ta yi. Wanda ya san ya taɓa faɗa mata sunan nan, ba sai ya yi min komen ba, ya nema mata gafara tsakaninsa da Allah. Juma’ar da ta wuce Baba ya sayo buhun gishiri, ni da shi muka ƙulla a leda.

Ya Allah, ga baiwarka Dije ta zo maka da kayan da ta ɗauka ita kaɗai tun tana budurwa. Ka sauke mata. Ka yafe mata abin da ta faɗa a shingen nan da abin da idonta ya gani bakinta ya kai. Ka yalwata kabarinta, ka sanyaya shi. Ka ji ƙan kakata Rakiya da ba ta samu wanka ba, ba ta samu likkafani ba, ba mu san inda take kwance ba amma Kai ka sani. Ka ji ƙan mijinta. Mai ƙosan rogo da ’yan biyunta, da duk uwar da yaƙin nan ya ci ta kowane ɓangare, Kai ne masanin lamarinsu, kar ka sake nuna wa ƙasar nan irinsa. Ka ba Babana haƙuri, ka kai wa Inna saƙonsa tunda ni ba zan iya ba. Ka haɗa su ita da ƙanwarta a Aljanna, a wurin da ba mai tambayarta ko ta san ta.

Inna, Uwar Waya ta isar. Takalminki yana nan a ƙofa, Baba ya ce kar a ɗauke.